An Zaɓa Mini Kwas da Layin Aro

Jama'a, yau ku yi mini uzuri, babu doguwar gaisuwa. Waɗanda suka saba da ni sun san ni da wasa da dariya, to yau raina a ɓace yake, kuma in ban zazzage muku abin da ke cikina ba, fashewa zan yi. Ga sababbin zuwa, sunana Hadiyya, 'yar Malam Datti mai Islamiyya a Birnin Kudu. Bana na gama sakandare, na rubuta Jamb, na ci maki mai kyau, kuma abu ɗaya nake son karantawa a duniyar nan: likitancin dabbobi. E, likitan shanu. Ku yi dariyarku ku gama, 'yan gidanmu sun riga ku.

Da safe abin ya faru. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, ɗaure da koɗaɗɗen zanin atamfar Umma da tsohuwar rigar makaranta, kaina ko ɗankwali babu. Yara na ta karatu a zaure, muryar Baba na tashi sama da tasu. Kawai sai na ji guɗa tun daga ƙofar gida.

Goggo Hapsatu ce, yayar Baba. Ta sha leshi ruwan hoda, mayafi a kafaɗa, ɗauri ya kai rabin goshi, ta riƙo leda cike da cincin.

"Ayyiriri! Ina Sistar take? Ina nas ɗinmu? Taso 'yar nan, taso in ƙare miki kallo kafin ki shiga farin kaya!"

Na waiga bayana, don wallahi na ɗauka da wata take.

"Goggo, ina kwana. Wace sista kuma?"

"Ji ta! Ke mana. An ce kin samu makarantar koyon aikin jinya, har an amsa musu. Yaron nan naki mai kwamfuta shi ya kira babanku jiya bayan la'asar."

Kwanon silbar da ke hannuna ya suɓuce ya faɗa cikin ruwan kumfa. Wato Baba ya sani, Goggo ta sani har ta soya cincin, ni mai karatun ce ban sani ba.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane inda wutar ta taso. A gidanmu ba a auna kwas da abin da mutum yake so, da wanda ya samu aiki ake aunawa. Ma'aunin kuwa biyu ne. Na farko Anti Munawwara, 'yar Goggo, wadda ta karanta jinya, ta fito ta samu aiki, ta saya wa uwarta firji. Firjin nan, jama'a, ya fi wasu 'yan gidan daraja, duk baƙon da ya je sai an buɗe masa shi. Na biyu Yaya Munzali, babban wanmu, da ya yi digiri a kimiyyar siyasa, yanzu yana bakin tasha yana cajin waya. Duk yaron da ya ce ga abin da yake so, sai a ɗaga masa hannu biyu a ce zaɓi, firji ko caji.

Ranar da na fara faɗin nawa zaɓin, Baba ya sauke tabarau ya dube ni.

"Shekara shida fa, Hadiyya, a garin da ba mu da kowa. Sannan ki fito ki zauna jiran ranar da gwamnati za ta tuna akwai shanu. In ba jinya ba, ki karanta Larabci ki kama mini ajin matan aure."

Na ce, "Baba, ba sai gwamnati ta ɗauke ni ba. Wane gida ne a garin nan babu akuya ko tunkiya a ɗaure? Na mata ne, suna cikin gida, namiji ba ya shiga ya duba su. Sai dai a ba yaro kuɗi ya sayo ƙwaya a kasuwa a ɗura musu, in sun rayu sun rayu. Ga masu kiwon kaji, ga karar shanu a Gwaram ranar kasuwa. Ko shagon magani na buɗe ba zan zauna banza ba."

Baba ya gyaɗa kai, don Malam ne, yana jin hujja. Goggo ce ta tafa hannu.

"Mace ta zura hannu a cikin saniya? Wa zai ci tuwon da kika tuƙa?"

Umma tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa a wautata na ɗauki shirun nan nata a matsayin goyon baya, don ita 'yar masu shanu ce, a Kwandiko aka haife ta.

A can Kwandikon ma abin ya shige ni. Ranar sunana kakata Inna A'i ta ba ni saniya, kamar yadda suke yi wa kowane jika. Goshi ake ce mata, saboda farin da ke goshinta. Duk hutu can nake tafiya, ni ke ba ta dusa, tana jin muryata ta ɗago kai. Ina aji huɗu na sakandare haihuwa ta zo mata da gardama, ɗan ya juye. Aka kira wannan, aka kira wancan, mai duba dabbobin da aka sani ya yi tafiya. Tun hantsi take nishi har rana ta karkata. Da aka ga za ta zama mushe sai aka yi maza aka sa mata wuƙa. Ina tsaye a wurin. Inna A'i tana kuka tana cewa, "Da Murja tana nan! Wayyo, da Murja tana nan!" Murja sunan Umma ne. Ban gane me take nufi ba, don Ummar da na sani in mun je Kwandiko ko kusa da turke ba ta zuwa, sai ta toshe hanci da mayafi ta ce warin yana sa mata ciwon kai. Naman Goshi ban ci ba. Tun ranar na san abin da zan karanta.

To ina Abdulbaqi ya shigo? Tsohon ɗalibin Baba ne, yana da shagon kwamfuta a Gwaram, ya nemi izini aka ba shi, yana zuwa zance duk Juma'a bayan la'asar. Mutum ne mai guga. Shaddarsa sai ka ce za ta yanke ka, hula a karkace, turare ya riga shi shiga zaure. Kuma shi kaɗai ne bai yi dariya ba da na ce shanu. Tun daga ranar ya sa mini suna Dokta. "Dokta, ya gida?" "Dokta, kin ci abinci?" Ni kuma sai in ji kaina ya yi girma kamar tulu.

Ga kuskuren da na tafka, 'yan mata ku buɗe kunne. Dokar Baba ce babu mai riƙe waya sai ta gama sakandare. Rajistar jarrabawa kuma sai da lambar wayar da wani bai taɓa yi da ita ba. Ta Yaya Munzali ya riga ya yi tasa rajistar da ita, ta Baba da ta Umma tuni 'ya'yan dangi sun cinye su, don haka ake yi a nan, wanda ya riga zuwa shi ke ara. Sai Abdulbaqi ya ce, "Ina da layi na biyu ba na komai da shi, ki ɗauka naki ne." Shi ya raka ni da ƙanwarsa wurin rajistar. Na sa jami'ar da nake so da kwas ɗina a farko. Da aka zo sauran guraben ya ce, "Waɗannan cikewa kawai ake yi, sa makarantar jinya a wuce wurin." Na sa. Ashe rami na haƙa da hannuna. Daga baya Umma ta ba ni tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, amma duk wani saƙon karatuna can yake sauka, a aljihun Abdulbaqi.

Na goge hannu a zani na shige ɗaki, na bar Goggo tana raba wa yara cincin. Na kira Abdulbaqi, wayar ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Na sake, haka. Sai na rubuta:

"Me ka danna?"

Nan take ya amsa, wato wayar tana hannunsa. "Barka da safiya, Sistata. So na yi in ba ki mamaki." Har da hoton zuciya guda uku.

Sistata. A dare ɗaya an sauke ni daga Dokta.

"Na ce me ka danna?"

"Makarantar jinya ta ba ki gurbi, aka ce a amsa ko a ƙi. Na amsa miki. Alheri ne, ki yi godiya."

"Jami'ar fa?"

"Ai in an amsa ɗaya shi ke nan, ɗayar ta rufu bana."

Ina cikin kallon rubutun nan sai ga saƙon Safiyatu, ƙawata, wadda muka nemi kwas ɗaya, kuma na fi ta maki. Hoto ta turo, an ba ta likitancin dabbobi. A ƙasa ta rubuta, "Duba naki, na san kin samu, mu kama ɗaki ɗaya!" Jama'a, ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka ɗau zafi kamar na kusanci murhu.

Na fito zan nufi zaure, ko ɗalibai ko ba ɗalibai, sai Umma ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ina za ki a haka? Babanku yana karatu. Je ki shirya, Inna ta kira, Kwandiko za mu."

"Umma, kin ji abin da aka yi mini?"

"Na ji. Shirya, rana na yi."

Na lura da abu biyu amma fushi bai bar ni na yi tunani ba. Doguwar rigarta ta gida ta sa, mai faɗin hannu, ba kayan unguwa ba. Kuma ta zare awarwaronta da zobenta ta zuba a kofin tangaran, ita da ko gidan maƙwabta ba ta shiga babu su. Ni dai na zura baƙar abaya, na yafa mayafi toka-toka, ko hoda ban shafa ba. Abu ɗaya na sani: motar Kwandiko sai an bi ta Gwaram.

Da muka sauka Gwaram ranar kasuwa ce, babura na ta kai da kawowa, Umma ta ce za ta sayi man gyaɗa da sabulu. Na ce zan je in dawo. Ta dube ni, ta san inda za ni, ba ta hana ba.

Shagon cike yake. Janareto na ruri a waje, fanka na juyawa, 'yan makaranta sun yi layi da takardu. Yana zaune bayan tebur cikin shadda ruwan sararin samaniya, wayarsa a gefen firinta. Da ya gan ni ya miƙe yana washe baki.

"Ah, Sista da kanta! Ku ba ta kujera."

"Malam Abdulbaqi, ba zama na zo yi ba."

Ya ji Malam ɗin nan, murmushin ya ragu. Ya rage murya. "Hadiyya, akwai mutane."

"Da ka kira Baba har Goggo ta ji, su ba mutane ba ne? Ni ce kaɗai ba mutum ba, da ba a kira ni ba?"

Wata yarinya ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ya zagayo ya tsaya kusa da ƙofa, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro.

"Ki yi tunani da hankali. Jinya shekara uku ce, a gida, kina fitowa aiki na jiranki, ko a asibitin gwamnati ko na kuɗi. Ba a taɓa ganin nas tana yawo da takardu ba. Wancan kuma wa kika sani da ya karanta ya yi arziki? Makiyayi zai biya ki? Sai dai ya ba ki ƙwaryar nono ya ce Allah ya saka."

"Duk wannan ka san shi ranar da kake ce mini Dokta?"

"Wannan ai wasa ne na masoya. Na ɗauka in kin girma za ki sauka daga kai."

Wasa! Shekara guda ina zuba masa sirrin zuciyata, ina ba shi labarin Goshi har muryata na rawa, ashe shi kallon yarinya mai wasan 'yar tsana yake yi mini.

"Kuma ni fa?" ya ce. "Ni ba a duba ni? In zauna shekara shida ina jiranki, sannan ki dawo mini gida kullum kina warin turke?"

"Yau ka faɗi gaskiya. To ai sai ka ce mini ba za ka iya jira ba, in san inda na kama. Amana na ba ka, layi ka ara mini, ba rayuwata na ba ka riƙo ba. Kuma wallahi Umma tana kasuwar nan, yanzu zan faɗa mata irin mutumin da kake."

Sai ya yi wata 'yar dariya da har yanzu in na tuna ta nake jin kamar in fasa wani abu.

"Umma?"

Ya koma teburin, ya ɗauki wayar, ya lalubo wani saƙon murya, ya rage ƙara ya ajiye ta a gabana. Na sunkuya.

"Abdulbaqi, ɗana, na ji an ce na jinyar ya fito. Ka amsa mata. Kada ka tambaye ta, ba za ta yarda ba. In ta yi fushi ka bar ni da ita. Ni na san abin da ke bayan saniya, ita daga nesa take hangensa."

Muryar Umma ce. Har ƙarar tabaryar maƙwabtanmu ana ji a bayanta. Ina gidan nan aka yi saƙon, wataƙila ina ɗaki ina ninke mata kaya.

Na dafa teburin. Shi kuwa ya harɗe hannu kamar wanda ya ci shari'a.

"Kin gani? Umarnin uwa na bi. Kuma in ma taurin kai za ki yi ki ce baɗi za ki sake, ki sani da layin nan aka ɗaure sunanki. Ko baɗin ta hannuna za ki bi."

Da bai faɗi wannan ba, da wataƙila na fita ina kuka kawai. Wayar tana gabana. Na ɗauke ta, na zare ɗan kunnena na hagu, na zura tsinkensa a ɗan ramin gefe, ma'ajin layukan ya fito. Na san nawa, shi ne na biyu. Na cire shi na ajiye masa wayarsa a hankali.

"Ke! Hadiyya! Da sunana aka yi rajistar layin nan. Gobe in na ga dama sai in je a toshe shi a ba ni sabo."

"Ka je. Amma ka fara biyawa ta zauren Baba ka faɗa masa dalili. Kuma ranar Juma'a kada ka ɓata gugarka."

Na ƙulle layin a bakin mayafina kamar yadda tsofaffi ke ƙulle canji, na fita. Ina jin wani a bayana yana cewa, "Kai, wannan ba dama."

Na tarar da Umma a tasha da ledarta. Ta dubi kunnena mai ɗan kunne ɗaya, ta dubi ƙullin mayafin. Muka hau mota, daga bakin titi kuma muka taka da ƙafa, don hanyar gidan Inna ta cikin gonaki take. Dawa ta fi mu tsayi, ta sunkuyar da kai, rana na dukan ƙeya. Umma tana gaba tana sauri, irin saurin da ban san tana da shi ba.

Ita ta fara magana, ba tare da ta juyo ba.

"Ya kunna miki ko?"

"Ya kunna."

"To ni ce. Ba sai kin je kina zargin babanku ba, shi sai da aka gama ya ji."

"Me na yi miki, Umma?"

Ta tsaya cak. Ta juyo ta ɗaga hannunta na dama a gaban fuskata, siririn hannu mai ƙananan yatsu, wanda kowa ke cewa irinsa na gado.

"Kin ga wannan? Ina 'yar ƙarama aka gane yana shiga inda na maza ba ya shiga. Saniya ta kasa haihuwa, a kira Murja. Tunkiya, a kira Murja. Daga Kwandiko har rugagen da ban san sunansu ba, a ɗora ni a keke a tafi da ni. Ina aji huɗu na firamare aka ce zuwa makarantar nan yana sa ana nemana a rasa, aka cire ni. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, Hadiyya. Wata saniya ta harbe ni a nan," ta dafa haƙarƙarinta, "har yau in sanyi ya sauko sai na ji shi. Me na samu? Ƙwaryar nono da sannu. 'Yan matan gari suna toshe hanci in na wuce. Ranar da aka kai ni gidan babanku na rantse na gama, kuma abin da na haifa ba zai tsuguna a bayan saniya ba. Sai ga ki, duk karatun duniya, kin tsallake kin zaɓo kashin shanu."

Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta karye ba. Ni kuwa zuciyata ta kasu biyu, rabi na son in rungume ta, rabi na tafasa. Da Murja tana nan. Sai yanzu na gane kukan Inna A'i. Wato ranar da aka yanka Goshi akwai mai iya ceton ta, tana Birnin Kudu tana tsince shinkafa. Maganganu suka cika mini baki, masu zafi, irin waɗanda in sun fita ba sa komawa. Na haɗiye su, don uwa ce. Guda ɗaya ce ta ƙi haɗiyuwa.

"Umma, ke ma fa ba a tambaye ki ba aka cire ki."

Ta dube ni kamar na mare ta. Leɓenta ya motsa. Sai ta juya ta ci gaba da tafiya.

"Litinin za ki je ki karɓi takardar makarantar jinya," ta ce. "Abin da kika ƙulle a mayafin nan kuma ki mayar wa mai shi."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Tun kafin mu kai shingen gidan muka ji nishin. Na san irin nishin nan, na taɓa jin sa sau ɗaya kuma bai bar kunnena ba. Inna A'i ta fito da gudunta na tsufa, zani a hannu, ko sannu da zuwa babu.

"Murja! Allah ya kawo ki. Tun asuba take fama, ƙafa ɗaya ce ta leƙo, kan ya koma. Na ce miki ba zan sake kiranki ba, amma ta yarinyar nan ce, ita kaɗai ta rage mata."

'Yar Goshi ce. Karsanar da Goshi ta bari, mai farin goshi irin na uwarta, haihuwarta ta fari. Tana kwance a gindin tsamiya, ido ya firfito, wuya a miƙe. Kawuna yana tsaye a gefe, na ga kuben wuƙa a hannunsa, ya ɓoye a bayansa da ya gan ni.

Sai a lokacin komai ya haɗu a kaina: rigar mai faɗin hannu, zoben da aka bari a kofi, man gyaɗa da sabulu. Tun da safe ta san abin da ya sa aka kira ta.

Umma ta tsaya tana kallon saniyar. Ta daɗe. Ba ta toshe hanci ba. Sannan ta tuɓe mayafinta ta miƙa mini, ta naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Inna, ruwan ɗumi. Yaya, mayar da wuƙar nan ɗaki, ka kawo igiya mai laushi ka riƙe mini kanta."

Muryar ma ba tata ba ce, ta wata mace ce da ban taɓa haɗuwa da ita ba. Ta wanke hannu da sabulu, ta bulbula man gyaɗa tun daga yatsu har sama da gwiwar hannu, ta durƙusa a cikin ƙasa da kashin da ta ce yana sa mata ciwon kai. Ta shafa bayan 'Yar Goshi tana yi mata wata magana ƙasa-ƙasa, saniyar ta sauke numfashi.

Na matso. Umma ta ji takuna, ta ɗago ta dube ni, ido jajir.

"Hadiyya, juya baya. Ba na so ki gani, balle ki koya."

Na rataye mayafinta a reshen tsamiya. Na ƙara matse ƙullin da ke bakin nawa, na tura shi cikin abaya. Sannan na naɗe hannun rigata, na durƙusa kusa da ita, na jawo kwalbar man gyaɗan gabana.

Ban juya ba.